Wa Zai Kara da Wa: Rabon Rukuni a Gasar Ƙwallo

Kafin a busa usur ɗin farko a kowace gasar ƙwallo, akwai shawarar da ake yankewa a ofis wadda ɗan kallo ba ya gani: ƙungiya nawa za su shiga, rukuni nawa za a kasa su, kuma wa zai je gidan wa. Daga wannan shawarar ake sanin yawan wasannin kaka, da nisan tafiyar da 'yan wasa za su sha, da man da za a ƙona, har da ko maƙwabta biyu masu hamayya za su haɗu bana ko sai baɗi. Lissafin ba shi da wuya. Idan ƙungiyoyi 20 suka zauna a teburi ɗaya, kowa ya karɓi baƙuncin kowa, kowace ƙungiya za ta buga wasa 38, rabi a gida rabi a waje, jimillar wasannin kuma 380. A ƙara ƙungiya huɗu kacal, sai wasannin kowa su koma 46, jimilla ta kai 552. Ƙari kaɗan a yawan ƙungiyoyi yana jawo ƙari mai yawa a kwanaki da kuɗi, shi ya sa duk lokacin da gasa ta faɗaɗa sai maganar rabon rukuni ta biyo baya.

A Kano, Sabon Gari ne wurin da ya fi dacewa a ɗauko zaren wannan labari. An kafa unguwar wajen 1913, jim kaɗan bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, don zaman ma'aikatan jirgin ƙasa da akawu da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Ƙwallo ta samu gindin zama da wuri a irin waɗannan unguwanni, ta hanyar makarantun mishan da ƙungiyoyin ma'aikata. Yau unguwar tana cikin ƙaramar hukumar Fagge, kuma tana riƙe da abubuwa biyu da suka shafi wannan labari kai tsaye. Na farko shi ne tsohon filin wasa na Sabon Gari, wanda ke ɗauke da sunan Kano Pillars. Na biyu kuma tashar New Road, inda manyan bas-bas ke lodin Anacha da Aba da Fatakwal da Legas. Da yamma, idan ana ɗaure kaya ana kiran fasinja, direbobi na duba taya da fitila saboda tafiyar dare, mai tsaye a wurin yana kallon hanyoyin da ƙungiyar garin take bi sau da dama a kowace kaka.

Ƙungiya uku sun koma ɗaya

Gasar lig ta ƙasa ta fara a Najeriya a 1972 da ƙungiyoyi shida, Mighty Jets ta Jos ce ta ɗauki kofin farko. Kano ta ɗanɗana nata a 1978 ta hannun Raccah Rovers, mai ɗauke da sunan gidan kasuwancin da ya yi suna a cinikin gyaɗa. A wancan zamani yawancin ƙungiyoyi na kamfanoni ne da ma'aikatu. Ɗan wasa ma'aikaci ne da safe, mai taka leda da yamma.

A 1990 aka ƙaddamar da gasar ƙwararru a filin Onikan da ke Legas. Sabon tsarin yana son ƙungiya mai kuɗin albashi da na tafiya, ba kowace ƙungiyar ma'aikata ce za ta iya ɗaukar wannan nauyi ba. A shekarar ne aka haɗe ƙungiyoyi uku na Kano, wato WRECA ta hukumar ruwa, da Kano Golden Stars, da Bank of the North, aka samar da Kano Pillars. Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa daga 2002 zuwa 2006, yana cikin waɗanda suka jagoranci aikin. Wannan shi ne sauyin tsari na farko da ya taɓa Kano sosai: gasar ta canza, sai garin ya tattara ƙarfinsa wuri guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma abin da ya biyo baya ya gaskata masu shawarar. Pillars ta ci lig a 2008, ta sake ci sau uku a jere a 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. A filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ta shafe shekara 12 ba a doke ta a wasan lig ba, har sai da Nasarawa United ta karya tarihin a 2015. Kirarinta na "Sai Masu Gida" ya zama gaisuwa tsakanin matasa daga Fagge zuwa Gwammaja.

Haɗewar ta zo da asararta. Garin da a da yake da ƙungiyoyi masu karawa da juna a cikin gida ya koma mai ƙungiya ɗaya a sama, duk abokin hamayyarsa sai an hau mota an same shi.

Lokacin da teburi ya cika ya batse

Kakar 2018 ce ta nuna yadda gasa ke faɗaɗa ba da shiri ba. An tafi hutun gasar kofin duniya bayan mako na 24, sai rikicin shugabancin hukumar ƙwallon ƙafa tsakanin Amaju Pinnick da Chris Giwa ya hana a dawo a kan lokaci. Ranar miƙa sunayen wakilan ƙasa ga hukumar ƙwallon Afirka ta ƙarato, aka rufe kakar a inda ta tsaya. Lobi Stars da ke saman teburi ta samu tikitin gasar zakarun Afirka, ba a kuma sauke kowa ba. Amma a ƙasa akwai masu jiran hawa, kuma an yi musu alkawari. A watan Janairun 2019 Kada City da Gombe United da Bendel Insurance da Remo Stars suka hau, teburi ya koma na ƙungiya 24.

Wasa 46 ba zai yiwu a 'yan watannin da suka rage ba. Sai aka raba ƙungiyoyin rukuni biyu na 12, kowa ya buga wasa 22, uku na saman kowane rukuni suka haɗu a filin Agege da ke Legas a watan Yuni don fitar da gwani. Enyimba ta ɗauki kofin, Pillars ta zo ta biyu. A ƙasan teburi kuwa wuƙa ta yi kaifi: huɗu suka faɗi daga kowane rukuni, takwas ke nan, aka hawo da huɗu, lissafi ya dawo 20. Sassaucin da aka yi wa ƙungiyoyi huɗu a 2018, ƙungiyoyi takwas ne suka biya bashinsa a 2019.

Ba wannan ne karo na farko ba, an raba gasar rukuni-rukuni a 2006 da 2007. Ba shi ne kuma na ƙarshe ba. A 2023, bayan an rushe kamfanin da ke tafiyar da lig an naɗa kwamitin riƙo ƙarƙashin Gbenga Elegbeleye, an sake kasa ƙungiyoyi 20 rukuni biyu na goma, kowa ya buga wasa 18, don a daidaita kalanda da ta Afirka da Turai. Masu ƙungiyoyi da dama sun ƙi tsarin da farko, suna ganin taƙaitacciyar gasa ba ta ba wanda ya yi tuntuɓe a farkon kaka damar miƙewa.

Akwai abin lura a rabon 2019 wanda aka fi mantawa da shi. Ba a raba ƙungiyoyin bisa yanki ba. Pillars ta faɗa rukuni ɗaya da Akwa United ta Uyo, da Abia Warriors ta Umuahiya, da Heartland ta jihar Imo, da FC Ifeanyi Ubah ta Nnewi, da Go Round ta jihar Ribas. Katsina United kuwa, wadda tsakaninta da Kano kimanin kilomita 170 ne, tana ɗaya rukunin. An rage yawan tafiye-tafiye, nisan kowace tafiya kuma yana nan yadda yake, sannan magoya bayan Kano da Katsina suka rasa wasan da suka fi ɗoki a shekarar.

Hanya

Daga Kano zuwa Legas kimanin kilomita 1,000 ne a mota, haka zuwa Aba ko Fatakwal. Ƙungiyoyin lig ɗin Najeriya kaɗan ne ke iya hawa jirgin sama a kai a kai; yawancinsu na gwamnatocin jihohi ne, kuɗin tafiya sai an sa hannu an saki. Don haka bas ce gidan ɗan wasa na biyu. Ƙungiyar da za ta buga wasa ranar Lahadi a kudu maso gabas tana barin Kano tun Alhamis ko Juma'a, ta kwana a hanya, ta isa da kumburarrun ƙafafu, ta yi atisaye sau ɗaya, ta buga, ta juyo. Idan akwai wasan tsakiyar mako, ranar Laraba tana fili kuma. Mai horarwa ba ya samun kwanakin koyarwa, sai na jinya da hutu. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa cin wasan waje ya daɗe yana wuya a gasar, ko da yake masu bin ta sun san akwai wasu dalilan da suka shafi alƙalanci da tsaron fili.

Gajiya ce mafi sauƙi a cikin abin da hanya ke jawowa. A watan Maris na 2015, 'yan bindiga suka buɗe wa ayarin Pillars wuta a kan hanyar Abaji zuwa Lakwaja, suna tafiya Owerri don wasan farko na kaka da Heartland. 'Yan wasa biyar suka ji rauni, cikinsu har da Gambo Muhammad. Zakarun ƙasar ne a lokacin, masu riƙe da kofi sau uku a jere. Duk wanda zai tsara jadawalin gasa a ƙasar nan ya kamata ya riƙa tuna wannan rana, domin kowane layi da ya rubuta a takarda mutane talatin ne a cikin mota.

Me ya sa to ba a raba babbar gasar Arewa da Kudu a huta? Masu adawa da hakan suna da hujjoji masu nauyi. Yawan ƙungiyoyin kowane ɓangare yana canzawa duk shekara gwargwadon wanda ya hau da wanda ya faɗi, rabon ba zai riƙa zuwa daidai ba. Idan rukuni ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, ƙungiya mai kyau za ta faɗi a nan alhali wadda ba ta kai ta ba ta tsira a can. Masu tallafi da gidajen talabijin suna son Pillars da Enyimba, ko Pillars da Rangers, gida da waje. Sannan gasar tana cikin 'yan abubuwan da ke kai ɗan Kano Uyo, su kawo ɗan Uyo Kano. A Sabon Gari wannan hujja ta ƙarshe a fili take: ranar da Enyimba ko Rangers ta zo gari, daga shagunan unguwar ake fitowa a tare ta, maƙwabcin da ake ciniki da shi jiya yau yana ɗaya ɓangaren fili.

A mataki na biyu kuwa, gasar da ake wa laƙabi da ta 'yan dagaji, hanya ce ta yi nasara tun tuni. An raba ta shiyyar Arewa da shiyyar Kudu, kowace shiyya kuma a kan sake kasa ta ƙananan rukunai, a baya kuma waɗanda suka yi fice kan haɗu a gari ɗaya a fitar da masu hawa. Pillars ta ɗanɗana wannan tsari. A 2022, bayan kakar da aka zaftare mata maki saboda hargitsi, ta faɗi tare da Katsina United da Heartland da MFM. Ta buga kaka ɗaya a shiyyar Arewa, ta je wasannin ƙungiyoyi takwas a Asaba a 2023, ta dawo sama tare da Katsina United da Heartland da Sporting Lagos. Ta wannan ƙofar ce Barau FC ta hau a 2025, Kano ta samu ƙungiya biyu a babbar gasa, da wasan hamayyar da ba ya buƙatar kwana a hanya. Akwai kuma ƙofar baya, wato sayen gurbi: a 2024 Heartland ta faɗi, amma ta ci gaba da zama a sama da gurbin Beyond Limits, wadda ta hau amma doka ta hana ta zama a gasa ɗaya da Remo Stars saboda mai su ɗaya ne.

Inda kuɗin talabijin ya shafe nisa

A Amurka an bi da lamarin ta wata fuska dabam, kuma kwatanta su yana haska na gida. A can jami'o'i ne ke da manyan ƙungiyoyin ƙwallon zari-ruga irin tasu, filin Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum sama da 100,000. Jami'o'in suna zaune ne a gamayya-gamayya, kowace da sunanta: Big Ten, SEC, Big 12, ACC, Pac-12. Babu hawa babu faɗuwa. Jami'a tana shiga gamayya ne idan an gayyace ta, shugabannin sauran jami'o'in suka kaɗa ƙuri'a. Asalin gamayyar maƙwabtaka ce, jami'o'in da jirgin ƙasa ko mota za ta iya haɗa su cikin yini.

A 1984 kotun ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a ƙarar da jami'o'in Oklahoma da Georgia suka shigar, ta ƙwace wa hukumar NCAA ikon sayar da haƙƙin nuna wasanni ita kaɗai. Daga nan kowace gamayya ta koma tana cinikin kanta da gidajen talabijin, darajar jami'a ta zama yawan mutanen da za su kunna akwati saboda ita. Gamayyar Southwest ta watse a 1996. A 2021 Texas da Oklahoma suka sanar da komawa SEC, suka yafe kimanin dala miliyan 100 don su bar Big 12 shekara ɗaya kafin wa'adi. A 2022 USC da UCLA, dukkansu a birnin Los Angeles, suka ce za su koma Big Ten, wadda a shekarar ta ƙulla yarjejeniyar kimanin dala biliyan 7 ta shekara bakwai da Fox da CBS da NBC. Cikin 'yan makonni a 2023 Pac-12, mai tushe tun 1915, ta zube: Oregon da Washington suka bi Big Ten, Colorado da Utah da Arizona da Arizona State suka tafi Big 12, Stanford da California suka shiga ACC. Jami'a biyu aka bari, Oregon State da Washington State, su ne suka shiga neman sababbin abokai. A kakar 2024 Big Ten, wadda sunanta ke nufin goma, tana da jami'a 18.

Daga Los Angeles zuwa Jami'ar Rutgers a New Jersey kusan kilomita 4,000 ne, Kano zuwa Legas sau huɗu. Ƙungiyar zari-ruga tana buga wasa 12 ne a kaka, sau ɗaya a mako, da jirgin shata, nisan bai dame ta sosai ba. Waɗanda suka ɗauki nauyin su ne ɗaliban sauran wasanni, masu ƙwallon raga da ƙwallon ƙafa da makamantansu, da ke buga wasa a tsakiyar mako suna tsallaka ƙasa ga darasi na jiransu. Tsofaffin hamayya ma sun taɓu. Oklahoma da Oklahoma State, jiha ɗaya, suna karawa tun 1904, sun daina haɗuwar shekara-shekara bayan 2023.

Tazarar kuɗin ita ce bayanin bambancin da ke tsakanin Amurka da Najeriya. Enyimba ta karɓi naira miliyan 100 da ta ci lig a 2023, Rangers ta karɓi miliyan 150 a 2024. SuperSport ta daina nuna gasar a 2017, aka yi shekaru ana fafutukar neman mai ɗauka kafin a ƙulla da StarTimes a 2023. A gidajen kallo na Sabon Gari da Fagge, allon da ake rubuta wasannin yini da alli a bakin ƙofa Arsenal da Chelsea da Madrid da Barcelona ne suka cika shi, wasan gida kuwa sai a rediyo ko a fili. Muddin kuɗin nuna wasa bai kai ya biya tikitin jirgi ba, farashin man dizal da lafiyar titin Abuja zuwa Lakwaja su ne za su ci gaba da faɗa a ji a teburin masu tsara gasa.

Jami'o'in gida

Wasannin jami'o'in Najeriya ba su taɓa zama kasuwa irin ta Amurka ba, amma su ma faɗaɗa ta same su. Lokacin da aka fara gasar NUGA a Ibadan a 1966, jami'o'in ƙasar biyar ne, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ce kaɗai daga Arewa, ana iya tara su duka a harabar makaranta ɗaya. Yau sun haura 250. Jihar Kano kaɗai tana da Jami'ar Bayero, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, da ta Wudil da aka buɗe a 2001, da Northwest ta 2012, ga masu zaman kansu irin su Skyline da ta Maryam Abacha. Babu harabar da za ta ɗauki ƙungiyoyin ƙwallon wannan adadi, saboda haka ake fara tankaɗe a shiyya-shiyya, jami'o'in da ke kusa su kara da juna, waɗanda suka tsallake su tafi babban taro. A 2018 aka fara wata gasar ƙwallon ƙafa ta manyan makarantu, HiFL, da tallafin kamfanoni, Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi ta ci kofin farko.

Abin da ke takura wannan mataki ya wuce nisa. Ɗan wasan jami'a ɗalibi ne, jadawalin gasa dole ya bi na karatu, na karatu kuma ba ɗaya ba ne daga makaranta zuwa makaranta: wata tana jarrabawa, wata tana hutu, wata ba ta gama rajista ba. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya rufe jami'o'in tarayya wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, alhali masu zaman kansu suna karatu. Ga shi kuɗin tafiya daga ɗan kason sashen wasanni na makaranta yake fitowa, bas ɗin ma sau da yawa ita ce ta kai ɗalibai ziyarar karatu. A irin wannan hali rukunin da ke ɗorewa shi ne wanda za a fita da asuba a buga a dawo kafin isha, kamar Kano da Wudil, ko Kano da Zariya, ko Kano da Dutse da Katsina.